Barka da Arziki da Ta'aziyya a Zaure Ɗaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. In ka ga ta yi tsawo ka yi haƙuri da tsoho, malamin makaranta ko ya ajiye alli bakinsa ba ya yin ritaya.

Abin da ya tayar da ni shi ne wasiƙar da wani bawan Allah ya rubuto makonni biyu da suka wuce, inda ya yi tir da wani saurayi da aka yaɗa hotonsa a Facebook yana dariya, rungume da ƙanensa a bakin kogi, jim kaɗan bayan an tsamo shi daga kwale-kwalen da ya kife da su. Mai wasiƙar ya ce yaron nan ba shi da imani, ana can ana laluben gawarwaki shi kuwa yana washe baki. Ban san saurayin ba, ban san garinsu ba. Dariyar ce na sani, don na taɓa yin irinta.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, ranar wata kasuwa, jirginmu ya daki kututture a tafkin Kainji. Wanda ya san ruwan nan ya san itatuwan da ya haɗiye tun da aka datse kogin a 1968 suna nan tsaye a ƙarƙashi, ba a ganinsu sai an hau kansu. Muna tare da aminina, abokin koyarwata, kujerarmu ɗaya. Wani basarke ya cafko wuyan rigata ya jefa ni cikin jirginsa kamar buhun gero. Aminin nawa sai washegari aka same shi. To, a daren nan, Edita, na ci tuwo malmala uku, na suɗe kwano, na ji daɗinsa irin wanda ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba. Da ƙanwata ta shigo tana kuka ta ce ashe da sauran shan ruwana a gaba, sai na ce mata ai yau na sha na shekara guda, muka fashe da dariya. Matata ta dube ni, na dube ta, kunya ta rufe ni. Na yi shekaru ina ɗauke da kunyar tuwon nan da dariyar nan, ban gaya wa kowa ba.

Wanda ya fara sauke mini kayan, bayan addu'a, wani mawaƙin Girka ne da ya mutu kimanin shekara 2,700 da suka wuce. Homa ake kiransa, kuma Girkawa suna cewa makaho ne. Dogayen waƙoƙi biyu ake jingina masa: Iliyad, mai layi sama da 15,000, a kan yaƙin birnin Turoy, da Odisi, mai layi wajen 12,000, a kan yadda Odisiyus sarkin tsibirin Itaka ya yi shekara goma yana neman hanyar gida bayan ya yi goma a fagen yaƙi. Kowace an kasa ta kashi 24. Na karanta Odisi ne a fassarar Turanci ta E. V. Rieu, wadda ta fara fitowa a 1946, wani tsohon kwafi da gara ta ci gefensa a ɗakin karatun makarantarmu. Kafin wani ya rubuto ya tuna mini: na sani, waƙoƙin cike suke da gumakansu, Zus da Fosaidon da Atina da sauran tarkace, Allah ya tsare mu da shirka. Ban je wurin Homa neman aƙida ba. Abin da na samu a wurinsa shi ne mutum da ya zauna da waɗanda suka sha da ƙyar ya saurare su da kyau.

Akwai wani amshi a Odisi. Na ce amshi domin haka yake. Waƙar baka ce tun asali, ana rera ta a gaban jama'a, kuma mawaƙin yana da jimloli da yake dawowa kansu kamar yadda makaɗan fada suke yi. Wani Ba'amurke mai suna Milman Parry ya tabbatar da haka a shekarun 1930, har ya je ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka don ya gwada. Amshin da nake nufi ya zo sau uku, kuma ga ma'anarsa a Hausata: daga nan muka ci gaba da tafiya, zukatanmu a ɓace, muna murnar kuɓuta daga mutuwa, mun rasa abokanmu abin ƙauna. Ka duba yadda aka jera shi. Baƙin ciki a gaba, baƙin ciki a baya, murna a tsakiya, duk a numfashi ɗaya. Ba a ce "amma" ba, ba a nemi afuwa ba. Ranar da na fara karanta shi na rufe littafin na fita bayan aji na tsaya.

Karo na farko da ya zo, bayan Odisiyus da mutanensa sun bar Turoy ne da jirage goma sha biyu suka kai wa garin Kikonawa hari. Kada a yi zaton bayin Allah ne aka zalunta, mahara ne, sun kashe maza sun kwashi mata da dukiya. Odisiyus ya ce a gudu, suka ƙi, suka zauna a bakin teku suna yanka tumaki suna shan giya, har 'yan'uwan mutanen garin suka zo da gayya. Kowane jirgi ya rasa mutum shida, 72 ke nan. Abin da ya taɓa ni shi ne abin da suka yi kafin su tashi: ba su bari jiragen sun motsa ba sai da aka kira kowane mamaci sau uku. Suna murna sun tsira, suna kuma tsaye suna kiran waɗanda ba za su amsa ba. Ni ma na yi haka a gaɓar Kainji, ina rawar sanyi ina ƙwala wa aminina kira, kuma a ƙasan zuciyata wani abu yana ta cewa ni dai na fita, ni dai na fita.

Karo na biyu bayan kogon dodon nan mai ido ɗaya ne, Folifimos, wanda ya cinye shida daga cikin sha biyun da suka shiga tare da Odisiyus, biyu-biyu, dare da safe da dare. Da ragowar suka makantar da shi suka fito a maƙale a cikkunan raguna suka isa jirgi, Homa ya ce waɗanda ke jira sun yi farin cikin ganinsu, suka kuma ɓarke da kukan sauran, har sai da Odisiyus ya yi musu alama da gira su yi shiru su ja jirgi. A nan kuma ya nuna inda murna take ɓaci. Suna nisa kaɗan sai Odisiyus ya kasa riƙe bakinsa, ya juya yana yi wa makahon dodon kirari da ba'a, ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsa, mutanensa suna roƙonsa ya bari. Da sunan nan dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, gunkin teku. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a nan ruwan ya fi dukan waɗanda ba su ja ba. Karo na uku a tashar Lastirigonawa ne, inda ƙattai suka yi ta jifa da duwatsu daga bisa suka farfasa jirage sha ɗaya, suna soke mutane kamar kifi. Jirgin Odisiyus kaɗai ya fita, don shi a waje ya ɗaure nasa. Ya zare takobi ya datse igiya. Jirgi ɗaya cikin sha biyu, kuma mawaƙin bai canza ko kalma ɗaya a amshin ba.

Ga kuma batun tuwona. Da jirgin nan guda ya isa tsibirin matsafiya Kirke (sunan kamar kirki, halin kuwa sai a hankali, ita ce mai mayar da mutane aladu), sun kwanta kwana biyu a bakin teku, gajiya da baƙin ciki suna cinsu. Rana ta uku Odisiyus ya hau tudu ya harbo wani ƙaton namijin barewa, ya saɓo shi, ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana ce musu ba za su gangara gidan matattu ba tukuna sai ranarsu ta zo, don haka tun da akwai ci da sha, a tuna da abinci. Suka yaye mayafi daga fuskokinsu, suka wanke hannu, suka yini suna ci. Can gaba, bayan dodanniya Sikila ta fizge mutum shida daga cikin jirgi, an ce sai da suka ci suka ƙoshi sannan suka tuna da abokansu suka yi kuka, barci ya kwashe su suna kukan. Ci tukuna, sannan hawaye. A Iliyad ma, Akilis jarumin Girkawa, da ya kashe Hekta jarumin Turoy, ya zaunar da tsohon uban Hekta, sarki Firiyam, wanda ya zo roƙon gawar ɗansa, ya ce masa su ci abinci, ya tuna masa da Niyobi wadda ta rasa 'ya'ya sha biyu amma da kuka ya gajiyar da ita ta tuna da ci. Mu ma ai mun san wannan, shi ya sa maƙwabta suke kai abinci gidan makoki suna lallashi a daure a sa wani abu a baki. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, wani lokaci abincin yakan yi daɗi.

Wurin da na fi komawa shi ne kashi na 5. A nan Odisiyus ya riga ya rasa kowa. Mutanensa na ƙarshe sun yanka shanun da aka hana su, tsawa ta raba jirgin, shi kaɗai ya rage. Ya yi shekara bakwai a tsibirin aljana Kalifso, wadda ta yi masa tayin rashin tsufa da rashin mutuwa in zai zauna da ita, ya ƙi. Ya haɗa gadon fito da hannunsa cikin kwana huɗu, ya yi kwana 17 a teku, a na 18 ya hango duwatsun ƙasa, sai guguwa ta wargaza komai. Kwana biyu da yini biyu yana iyo. Da gari ya waye rana ta uku iska ta kwanta, igiyar ruwa ta ɗaga shi ya hango tudu da itatuwa. Da me za a kwatanta wannan gani? Homa bai kawo ganima ko sarauta ba. Ya ce kamar 'ya'yan da ubansu ya daɗe kwance cikin ciwo yana ramewa, sai rana ɗaya suka ga ya sami sauƙi. Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ya ga ranar da ya tashi zaune ya ce a dama masa kunu ya san wannan farin ciki. Ba na tsalle ba ne, na sanyin gwiwa ne.

Bai kuma bar shi ya fita da sauƙi ba. Duwatsu suka saɓule masa fatar hannu, sai da ya yi ta iyo a gefe har ya sami bakin wani kogi. Ya fito jiki a kumbure, ruwan gishiri yana zuba ta baki da hanci, ba murya, ba numfashin kirki. Ya faɗi cikin ciyayin bakin ruwa ya sumbaci ƙasa. Sannan ya ja jiki ya shiga ƙarƙashin wasu itatuwan zaitun biyu da suka sarƙe, ya tarar da busassun ganye tuli, kuma an ce da ya gan su ya yi murna. Sarki guda, wanda ya ci Turoy da dabarar dokin katako, tsirara, yana murna da tarin ganye. Ya binne kansa a ciki, mawaƙin ya ce kamar mutumin da ke zaune a gona can nesa ba maƙwabci, ya tura bakin wuta cikin toka don ya adana irin wuta, kada gobe ya rasa inda zai ɗebo. Yaran yanzu masu ashana da gas ba za su gane ba. Mu da aka aika da sassafe da kasko mu ɗebo garwashi a maƙwabta mun san darajar ɗan jan nan da ake tonowa a ƙarƙashin toka. Haka na ji kaina a daren nan cikin bargo, ɗan garwashi guda da bai mutu ba.

Dole a faɗi dalilin da ya sa rai yake da wannan tsada a wurin Girkawan da. Lahirarsu ba wurin da ake fata ba ce. Inuwoyi ne kawai suke yawo cikin duhu, jarumi da rago kusan duk ɗaya. A kashi na 11 Odisiyus ya gamu da fatalwar Akilis ya yi masa daɗin baki, ya ce ai ko a nan kai ne babba. Akilis ya ce kada ya lallashe shi game da mutuwa. Da ya mulki dukan matattu gara ya zama ɗan ƙodago a gonar wani talaka wanda shi ma ba shi da abin kirki. Wannan daga bakin mutumin da a Iliyad ya zaɓi gajeren rai da dogon suna. Mu da muke da fatan rahama a gaba ba mu kallon mutuwa haka, alhamdu lillahi. Duk da haka ban ga Musulmin da aka tsamo daga ruwa ya ce kash, da an bar ni ba.

A Iliyad abin ya fi fitowa tsirara. A ƙarshen kashi na 21 mayaƙan Turoy sun kwaso a guje daga gaban Akilis suka afka cikin gari da murna, kuma an ce ba wanda ya iya tsayawa a bayan ganuwa ya jira ɗan'uwansa ko ya tambayi wa ya tsira wa ya mutu. Sai ga su sun jingina da bango suna shan iska suna kashe ƙishirwa. Homa bai zage su ba, bai kuma yabe su ba, ya faɗi abin da ƙafa da maƙogwaro suke yi ne in mutuwa ta biyo mutum.

Sai dai mai wasiƙar nan yana da 'yar gaskiyarsa, kuma ita ma tana cikin littafin. Da Odisiyus ya koma gida ya kashe manema matarsa su 108 da suka cinye masa dukiya, tsohuwar da ta yi renonsa, Yurikiliya, ta shigo ta gan shi tsaye cikin gawarwaki jina-jina, ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa. Eh, guɗa, matan Girka na da ma suna da irin tasu. Ya tare ta ya ce, tsohuwa, yi murnarki a zuci, kada ki ɗaga murya, bai halatta a yi alfahari a kan waɗanda aka kashe ba. Ga alama kogon dodo ya koya masa wani abu. Ban wanke shi ba fa, don a wannan yinin ne ya sa aka kashe kuyangi sha biyu, abin da har yau ba na iya karantawa ban ɓata fuska ba. Amma iyakar da ya ja daidai ce: murnar ka rayu daban, guɗa a kan gawa daban. Saurayin da ke cikin hoton bai yi guɗa a kan kowa ba. Ƙanensa ya gani da rai. In akwai mai laifi, a nemi wanda ya ɗaga waya ya ɗauka ya watsa wa duniya, iyayen mamata suna gani.

Mata kuma kada su ce an bar su a baya. A kashi na 23, da Fenelofi matar Odisiyus ta gama gwada mijinta da sirrin gadonsu wanda aka sassaƙa ƙafarsa ɗaya daga kututturen zaitun mai rai, ta tabbata shi ne, sai mawaƙin ya fara kwatance: kamar yadda tudu yake da daɗin gani ga mutanen da teku ta farfasa jirginsu, 'yan kaɗan suka yi iyo suka fito, gishiri ya daskare a jikinsu, suka taka ƙasa da murna. Kana karantawa kana cewa ai Odisiyus ake nufi, shi ne ya sha teku. Sai a ƙarshe a ce haka ganin mijinta ya zame mata. Ita da ba ta taɓa barin gida ba ita ce mai iyon. Shekara ashirin tana jira, uku daga ciki tana saƙa da rana tana warwarewa da dare don ta ja wa manema lokaci. Na karanta wa matata wannan wurin wata rana ina fassara mata. Ta ce ita ma ranar nan, daga lokacin da labari ya iso gari zuwa lokacin da aka shigo da ni, ba ta san a wace duniya take ba, kuma kallon da ta yi mini da na yi dariya ba na zargi ba ne, tana duba ne ko da gaske ni ne. Shekara da shekaru ina fassara kallon nan a karkace.

Inda ni da Homa muka raba hanya shi ne ƙarshen waƙar. Iyayen mamata sun taru a dandalin Itaka, wani dattijo mai suna Yufaitis, uban shugaban maneman, ya tashi yana hawaye ya ce mutumin nan ya kwashi 'ya'yanmu a jirage, ya salwantar da jiragen ya salwantar da mutanen, ya dawo shi kaɗai ya kashe ragowar. Ba ƙarya ya yi ba. Amma sai aka sa tsohon uban Odisiyus ya jefe shi da mashi, Atina ta tsawatar aka bar faɗa, Zus kuma ya riga ya ce za a sa mutane su manta da kisan 'ya'yansu da 'yan'uwansu. Wannan bai gamsar da ni ba. Ba a mantar da uba ɗansa da umarni.

Na san haka domin kwana uku bayan hatsarin na je gidan su aminina. A zaure ɗaya mutane suna miƙa wa mahaifinsa hannu suna Allah ya jiƙansa, su juyo gare ni su rage murya su ce barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Tsohon yana ji. Ya amsa gaisuwata, bai ɗago ya dube ni ba, kuma har ya koma ga Allah bayan shekara tara, in mun haɗu a masallaci yakan ba ni hannu fuskarsa na kallon wani wuri. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Da na shiga cikin gida na durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyar, na buɗe baki kalma ta ƙi fita. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ɗana, an ce kai ma ka sha ruwa da yawa. Ka ci wani abu kuwa?" Na ce, "Na ci, Inna." Ta ce, "To madalla." Ta juya ta ce wa jikarta ta kawo mini fura.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Yawuri, Jihar Kebbi.